Shekara 11 a Kokawar Sumo, da Gwiwar da Na Ɓoye

Assalamu alaikum. Na daɗe ina ɗage rubuta wannan, sai da wani yaro ɗan shekara 16 ya aiko mini da tambaya. Ya ga bidiyon Onosato, wanda ya shiga sumo, kokawar gargajiya ta Japan, a watan Mayun 2023 ya kuma zama yokozuna, wato matsayi mafi girma a cikinta, a 2025 bayan gasa 13 kacal, yana so ya san ta ina ake farawa. Hawan Onosato gaskiya ne, amma shi daga jami'a ya fito da nasarorinsa a hannu, aka ɗora shi kusa da sama tun ranar farko. Ni ta ƙofar ƙasa na shiga, wadda yawancin mutane ke bi. Na hau har na hango albashi, sannan na faɗo, kuma na san dalilin faɗuwar tawa dalla-dalla.

A Japan aka haife ni. Mahaifina Bahaushe ne mai sayen tsofaffin kayan mota a yankin Saitama yana aikawa gida, mahaifiyata kuwa 'yar ƙasar ce. Ina da shekara 6 ya kai ni wurin kakata a ƙasar Gumel don in yi karatun allo in iya harshen ubana. A can na san kokawa, bayan kaka, da farin wata, a kan rairayin bayan gari. Ina da shekara 13 Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, mahaifiyata ta nemi a mayar mata da ni. Na koma da Japananci irin na ɗan shekara shida. Shekara biyu ina zaune a aji ban iya karanta abin da ke kan allo ba, kuma babu babbar sakandaren da za ta ɗauke ni. Girman jiki kaɗai nake da shi.

Sharuɗɗan shiga a lokacin su ne tsayin santimita 167, nauyin kilo 67, shekaru ƙasa da 23, da kammala karatun dole. Ni ina da santimita 178 da kilo 84. Akwai wani sharaɗi da ya kamata yaron da ya tambaye ni ya sani: kowane gidan horo, wanda suke kira heya, baƙo ɗaya tak aka yarda ya ajiye, gidajen kuma arba'in da 'yan kai ne. Haihuwar Japan da takardun mahaifiyata ne suka sa wannan doka ba ta hau kaina ba. Wanda zai taso daga Kano ko Maraɗi sai ya sami gidan da gurbin baƙonsa ba kowa, kuma 'yan Mongoliya sun cike yawancinsu. Ɗan Masar ɗin nan, Osuna'arashi, wanda ya shiga a 2012, ta wannan ƙaramar ƙofa ya bi.

Na shiga a watan Maris na 2014 a Osaka, watan da yara masu gama ƙaramar sakandare suke shiga da yawa. Sabon shiga ba ya cikin jerin sunaye. Sai ya yi 'yan karawar gwaji da ake kira mayezumo, a gabatar da shi ga jama'a cikin aron adon wani babba, sannan sunansa ya fito a gasa ta gaba. Daga nan wata shida a makarantar sumo da ke cikin zauren Kokugikan a unguwar Riyogoku ta Tokiyo: safiya motsa jiki, bayan nan tarihin sumo, rubutun buroshi, sanin sassan jiki da waƙoƙin 'yan kokawa.

Matakan shida ne. Daga ƙasa akwai jonokuci, jonidan, sandamme, makushita, sai juriyo da makuuci. Makuuci mutum 42 ne, juriyo 28. Waɗannan 70 ɗin su ne sekitori, su kaɗai ke da albashi cikin mutum wajen 600. Makushita mutum 120 ne, sandamme kuwa 200 ne a yawancin shekaruna kafin a rage shi. Gasa shida ake yi a shekara, kowace kwana 15: Janairu, Mayu da Satumba a Tokiyo, Maris a Osaka, Yuli a Nagoya, Nuwamba a Fukuwoka. Sekitori kullum yake karawa. Mu na ƙasa karawa bakwai muke yi cikin kwana 15, kuma ana haɗa ka ne da wanda cinku da faɗuwarku suka zo ɗaya. Ka ci huɗu, ka hau. Ka faɗi huɗu, ka sauka. Babu alƙalin da zai duba ƙoƙarinka ko uzurinka. Takardar jerin sunaye, banzuke, tana fitowa kusan mako biyu kafin gasa, kuma sunayen 'yan jonokuci ƙanana ne har ana yi musu laƙabi da gilashin ƙara girma. Mahaifiyata sai da ta sa tabarau ta bi layin da yatsa kafin ta gano nawa.

Alawus ɗinmu duk wata biyu ne. Da na shiga, ɗan jonokuci yen (kuɗin Japan) 70,000 yake karɓa, ɗan makushita 150,000. A 2019 aka ƙara, ya zama 77,000, 88,000, 110,000 da 165,000 daga ƙasa zuwa sama. Ɗan juriyo na ƙarshe a jeri kuwa yen miliyan 1.1 yake ɗauka kowane wata, da ɗakinsa shi kaɗai, da damar yin aure, da yaran da ke masa hidima. Tsakaninsa da na farko a makushita mataki ɗaya ne kacal a takarda. Wannan tazarar ce ke sa mutane yin abin da na yi.

Ranar ɗan matakin ƙasa tana farawa wajen ƙarfe biyar, babu karin kumallo. Ni nakan riga su tashi in yi asuba a lungun da ake shanya tufa. Sai a ɗaura mawashi, wato baƙin ƙyallen auduga mai kauri, mita shida ko fiye, wanda ake naɗewa a zagaya ƙugu. Ba a wanke shi, shanya shi ake yi. Sannan a share fili. Da'irar faɗinta mita 4.55 ne, a kan yumɓu da aka daddaɓe, an kewaye ta da ƙananan dammunan karan shinkafa da aka binne rabi. Duk wanda ya fita daga cikinta, ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an kada shi.

Abu huɗu ne tushe, kuma zan tsaya a kan na farko domin a nan na yi ha'inci. Shiko shi ne ɗaga ƙafa a buga ƙasa da kuke gani a bidiyo. Ka buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, yatsu na kallon waje, ka sauke ƙugu. Ka mayar da nauyinka duka kan ƙafa ɗaya, ka miƙe ta, ɗayar ta tashi da kanta, ka tsaya cak na ɗan lokaci, ka sauke ta yatsu su fara taɓa ƙasa, sannan ka sake nutsar da ƙugu. Sau 300 zuwa 500 a rana. Sabon shiga yana zaton aikin na ƙafar da ke sama ne, sai ya riƙa wurga ta don ta yi tsayi. Aikin na ƙafar da ke ƙasa ne. Kuma dole gwiwa ta bi layin yatsun ƙafa. Idan ta karkata ciki yayin da ka sauka, kana koya wa jikinka hanyar da jijiya ke tsinkewa ne, sau ɗari uku kowace safiya. Tawa ta dama tana karkata ciki tun ina ɗan shekara 15. An faɗa mini. Na gyara idan ana kallona, na saki idan an juya baya.

Sauran ukun su ne suri'ashi, tafiya a durƙushe ba tare da tafin ƙafa ya rabu da ƙasa ba, babban yatsa na haƙar rairayi; teppo, dukan gungumen itace da tafin hannu, hannu da ƙafar gefe ɗaya suna tafiya tare, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari; da matawari, zama a ware ƙafafu har ƙirji ya kwanta a ƙasa. Wanda bai kai ba, wani babba zai hau bayansa. Bayan waɗannan sai karawa, mai ci ya tsaya ya zaɓi na gaba. A ƙarshe butsukari: babba ya ba ka ƙirjinsa, ka tura shi daga wannan baki zuwa wancan, ya mirgina ka a ƙasa, ka tashi ka sake. Minti biyar na wannan ya fi duk abin da ya gabace shi wuya.

Wanka da cin abinci bisa matsayi ne. Ɗan matakin ƙasa yana tsaye a bayan manya yana zuba musu shinkafa, sai sun tashi ya ci abin da ya rage a tukunyar canko, wato romon nama ko kifi da kabeji da waken suya da albasa. Sun fi son kaza lokacin gasa, domin kaza ƙafa biyu take tsayawa a kai, mai ƙafa huɗu kuwa kamannin wanda aka kada ne. Amma a sauran ranaku naman alade yana shiga sosai, ana kuma zuba giyar shinkafa a miya. Watannin farko shinkafa da ƙwai da kifin gwangwani na rayu a kai. Da aka sa ni a layin masu girki, uwargidan maigidanmu, wato shugaban gidan horon, ta ba ni ƙaramar tukunya tawa, nakan je shagunan halal na Shin-Okubo in sayo kaza in cika firiza. Maganar rusunawa ga ɗan ɗakin bautar da ke jikin bangon filin horo, na je na gaya wa maigida cewa ba zan iya ba, ya yi shiru, ya ce in tsaya a bayan layi in kame. Shigar mawashi kuwa ba ta taɓa kwanta mini a rai ba har na bari. Da Baffa ya ga hotona ya ce, "Ɗana, ko walkin 'yan kokawarmu ya fi wannan sutura." Ban da amsar da zan ba shi. Gasata ta biyu, Yulin 2014 a Nagoya, ta faɗo cikin azumi daga farkonta har ƙarshe, ga zafi mai ɗanɗano. Abin da ya taimake ni shi ne karawar 'yan matakan ƙasa da safe ake yin ta, tun wajen takwas da rabi, sahur bai gama narkewa ba.

Hawana ya yi sauri da farko. Shekara ɗaya da 'yan watanni na shiga sandamme, na ajiye takalmin katako na 'yan matakai biyu na ƙasa, na samu izinin sa takalmi mai taushi da 'yar riga ta sama lokacin sanyi. Wanda bai yi hunturun Tokiyo da yadi ɗaya a jikinsa ba ba zai gane daɗin wannan ba. Kokawar gida ce ta ɗauke ni: na iya jin inda nauyin mutum ya karkata, na iya juyi da ƙugu, na iya ja. A kokawarmu ba a fitar da mutum daga fili, ana zagaye ne ana neman kafa, saboda haka ja da baya ba laifi ba ne. A sumo karon farko, taci'ai, shi ne fiye da rabin kokawar. Ku biyu ku dafa ƙasa da dunƙulen hannu, ku taso tare, ka haɗu da shi da goshi daidai bakin gashi, haɓa a ƙasa, ƙugu a ƙasa da nasa. Ni ina tasowa a miƙe, in karɓe shi da ƙirji, in ja da baya in yar da shi a bakin da'ira. Kullum maigida yana maimaita abu biyu: ƙugunka ya yi sama, hammatarka a buɗe take. Yana kuma da wata magana da duk gidajen sumo suka sani, cewa a yi horo don shekara uku masu zuwa. Ni ina horo ne don gasar wata mai zuwa, kuma ina ci, to me zai sa in ji?

Ina da shekara 19 na shiga makushita da kilo 118. A nan dabarar ta daina aiki. Makushita cike yake da waɗanda suka fito daga jami'a da tsofaffin sekitori da suka faɗo suna neman komawa, kuma babu wanda zai bi ka da ka idan ka ja. Maimakon in gyara karona, sai na yanke shawarar ƙara nauyi don kada a ture ni. Kwano biyar ko shida na shinkafa da rana, barci, haka da yamma, sannan taliya da tsakar dare. Cikin shekara biyu na kai kilo 146. Kilo 28 na ɗora a kan ƙafafun da ban gina ba. Ya yi aiki na ɗan lokaci, na kutsa cikin matakai 15 na sama, inda wanda ya ci bakwai ba faɗuwa yake samun fifikon shiga juriyo. A lokacin ni ne mai ɗaukar kaya da wanke bayan sekitorin gidanmu, ina ɗaura masa mawashin siliki ina lissafin watannin da suka rage mini.

Na ci biyu na farko a wannan gasar. A ta uku abokin karona ya kai ni baki, diddigena na dama ya tokare da dammin kara. Abin da ya dace shi ne in taka waje, faɗuwa ɗaya ce. Sai na nemi in ɗaga shi in juya da shi ta baya. Ƙafa a kafe, ƙugu a sama, gwiwa ta karkata ciki yadda ta saba, nauyinmu mu biyu kusan kilo 300 ya sauka a kanta. Na ji ƙarar a cikin kunnena.

Hoton MRI ya nuna jijiyar gaba da ke gicciye a tsakiyar gwiwa ta tsinke gaba ɗaya, guringuntsin kuwa lafiya lau. Likita ya ce tiyata, a ɗebo jijiya daga bayan cinya a dasa, sannan wata takwas zuwa goma kafin in koma fili. Wato gasa huɗu ko biyar. Dā akwai tsarin da ke riƙe wa wanda ya ji rauni a fili matsayinsa na gasa ɗaya, amma an soke shi a ƙarshen 2003. Yanzu rashin fitowa daidai yake da faɗuwa bakwai. Na zauna da biro na lissafa: gasa ta farko zan sauka kamar mataki 40, ta biyu in faɗa sandamme, ta uku in kai ƙasansa, ta huɗu ina tsakiyar jonidan, cikin takalmin katako, ina zuba wa yaran da na koya wa shiko shinkafa. Akwai tsohuwar magana a gidajen sumo cewa da horo ake warkar da rauni. Ba wanda ya tilasta mini. Maigida cewa ya yi in zaɓa. Na gaya wa mahaifiyata targaɗe ne.

Wata takwas na yi a haka. Kowace safiya rabin awa ana naɗe gwiwar da filasta, ana zuƙe ruwa da sirinji idan ta kumbura, ina shan maganin kashe zafi kafin karawa. Ga abin da ke faruwa da gwiwar da ba ta da wannan jijiya: ƙashin ƙwauri yana zamewa gaba duk lokacin da ka juya, kowace zamewa kuma tana niƙa guringuntsi. Na daina shiko mai zurfi saboda zafi, cinyar dama ta rame, na mayar da nauyina kan hagu har ita ma ta fara kumburi. Abokan karawa suna ganin filasta, sun san gefen da za su bi. Na ƙare waccan gasar da ci biyu, sannan uku, sannan biyu, sannan uku. Na gangaro har ƙasan makushita, inda hutun gasa ɗaya zai kai ni tun farko. Ranar da gwiwar ta maƙale a kan matakalar jirgin ƙasa ta ƙi miƙewa, guringuntsin ya riga ya yage. Aka yi tiyatar da na guje wa, aka ƙara da yanke wani sashe na guringuntsin, wanda ba ya sake tsirowa.

Da mahaifiyata ta zo asibiti likita ya yi mata bayani a gabana, har da tsawon lokacin da jijiyar ta yi a tsinke. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Wata takwas kana kirana kana cewa lafiya." Wannan ya fi tiyatar ciwo, kuma har yau idan na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina.

Na gangara har jonokuci. Don kada sunana ya fita daga takarda gaba ɗaya in koma mayezumo, na fito karawa ɗaya tak a kwanakin ƙarshe na gasa, kamar yadda masu jinya ke yi. A watannin nan Terunofuji ne nake kallo, wanda ya faɗo daga ozeki, matsayin da ke bin yokozuna, har jonidan a Maris na 2019 saboda gwiwoyi da ciwon suga, ya dawo ya zama yokozuna a 2021. Ba ni da baiwarsa, amma ya nuna mini cewa takalmin katako ba kabari ba ne. Jinyar ta tafi a jere: makonnin farko neman miƙe gwiwa sarai da tayar da tsokar cinya, wata na uku keke da tafiya cikin ruwa, wata na biyar shiko a gaban madubi, guda 50 kacal, ina kallon gwiwa da yatsa. Na sauke nauyi zuwa kilo 128. Ina da shekara 23 na koyi abin da aka nuna mini ina 15.

Dawowar ta fi hawan farko tsabta. Na daina ja, na koyi shiga da goshi in kama gaban mawashi da hannun hagu in tura. Shekara ɗaya da rabi na koma makushita. Amma gwiwar da aka rage wa guringuntsi ba ta jure karawa talatin a safiya ɗaya, kuma wanda ba ya iya wannan ba zai wuce tsakiyar makushita ba. Na yi ta kai da kawo a nan. Ina da shekara 26 likita ya nuna mini hoton da ƙashi ya fara gogar ƙashi, ya tambaye ni ko ina so in riƙa durƙusawa a salla ina da shekara arba'in. Wanda ya bar sumo ba ya komawa, doka ce. Na yi istihara, na yi mako biyu, sannan na shiga wurin maigida na durƙusa a kan ƙafar da ke lanƙwasuwa.

An yanke mini tukku, kamar yadda ake yi wa ɗan sumo mai barin kokawa, a zauren wani otal ranar rufe gasa. Da a kan fili aka yi, mahaifiyata ba za ta hau ba, domin ba a barin mata su taka shi. A otal ta karɓi almakashi ta yanke nata silin, maigida ya yi yankan ƙarshe. Ban taɓa ɗaura mawashin siliki ba.

Yanzu ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ina ɗaga su daga gado zuwa keke da ƙugu a ƙasa da hammata a rufe. Nauyina kilo 104, ina salla a kan kujera idan sanyi ya yi tsanani. Ranar Asabar ina koya wa yaran firamare sumo a wani kulob na unguwa. Akwai ɗaya a cikinsu, ɗan shekara 11, mai ƙarfi, yana kada kowa da ja, gwiwarsa ta hagu kuma tana karkata ciki. Na hana shi karawa tsawon wata guda, na zana masa layi da alli daga babban yatsansa zuwa gaba, na ce shiko 50 a kan layin nan kowane zuwa. Ya yi fushi, mahaifinsa ma ya zo ya tambaye ni dalili. Na naɗe ƙafar wandona na nuna masa tabon.